Ƙofar da Ba a Kulle Ba

Sati goma sha biyu cif suka kwashe suna koya wa ƙanina murmushi. Ba ƙari nake yi ba, da idona na ga jadawalin manne a bangon cibiyar da aka tura shi. Litinin gaisuwa da riƙe hannu. Talata kallon mutum cikin ido. Laraba rubuta tarihin kai a takarda guda, wanda ga yaro irin namu layi uku ya wadatar, sauran wurin sai dai a cike da ƙarya. Alhamis ɗaura igiyar nan ta wuya da 'yan ofis ke shaƙe kansu da ita. Juma'a kuma wai ranar gano kai ce, sai ka ce a kasuwa suka yar da shi.

Tsinke muke kiransa, don tun yana ƙarami in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Shi ne autan Inna, ni ce babba, na tsakiyarmu biyu sun yi nisa, muryarsu kawai muke ji a waya. Yana da shekara goma sha shida ya faɗa hannun wasu yayyen banza da suka gano baiwar da ke yatsunsa: ba kwaɗon da ke gagararsa in dai ka ba shi guntuwar waya. Shi ke buɗe shagunan mutane, su ke kwasa. Ranar da dubu ta cika su suka tsere, shi kuwa aka same shi tsugune yana mayar da kwaɗon yadda ya tarar da shi. Alƙali ya ba shi shekara huɗu a gidan gyaran hali.

Ya yi uku da wata biyu aka sako shi bisa sharaɗi. Zai riƙa zuwa cibiyar koyon neman aiki har sati goma sha biyu, sannan kafin Juma'ar da ke biye da bikin kammalawa ya kawo wa jami'in da ke sa masa ido takarda daga wani mai aiki da ya ɗauke shi. In babu takarda, ya koma ya ƙarasa wata goman da suka rage. Ni na sa hannu na karɓo shi, saboda Inna ba ta karatu, kuma tun da aka tafi da shi hawan jininta bai ƙara sauka ba. Likita ya faɗa mini a fili cewa zuciyar tsohuwar nan ba za ta ɗauki tafiya ta biyu ba.

Ni mai guga ce a ɗakin wankin wani otel, can ƙarƙashin ƙasa inda tururi ke tsiyaya daga bututu. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin, ba wanda ya taɓa koya mini kallon mutum cikin ido. Zanen gado aka miƙo mini aka ce goge, na goge.

Mai cibiyar Darakta ake ce masa, shi ma haka yake kiran kansa. Gajere ne mai kwat, kullum yana ƙamshin turare, kuma ba ya iya jimla guda ba tare da ya sa kalmar makoma a ciki ba. Sai mataimakiyarsa, wadda yaran suka laƙaba wa Malama Murmushi. Ita ce ke jera su gaban madubi tana cewa a nuna haƙora na sama shida. A bangon zauren an manna tambarin kamfanoni fiye da ashirin, wai abokan hulɗa. Na taɓa tambayar wanne ne cikinsu ya ɗauki yaro ko ɗaya, sai Malama ta ce ana kan tattaunawa.

Ranar bikin an kawo baƙin da ke tallafa wa cibiyar, an ba su kujerun gaba da ruwan roba. Aka zaɓi Tsinke ya nuna yadda ake gaisawa. Ya miƙa hannu, ya kalli Darakta cikin ido, ya ce shi mutum ne mai son aiki tare da jama'a. Baƙi suka tafa, wata har da share ƙwalla. Aka ba shi satifiket mai zanen zinariya a gefe, aka ɗauki hoto sau bakwai saboda Darakta yana ƙifta ido.

Da aka watse na tare Darakta a bakin motarsa na ce, "Ranka ya daɗe, to aikin fa? Saura sati guda."

"Baiwar Allah, mu namu shi ne mu shirya su," in ji shi. "Ɗan'uwanki yanzu a shirye yake tsaf. Makomarsa na hannunsa."

Na dubi hannun Tsinke, satifiket ne a ciki.

Allah ya taimake ni ban zauna jiran abokan hulɗa ba. Akwai wani mutum da ke zuwa otel ɗinmu gyaran tagogi da ƙofofin alminiyam, Mai Tagogi muke ce masa. Yakan sauko ɗakin wanki ya wanke hannu, wani lokaci in ɗan goge masa riga in zai hau wurin manaja. Yana da shago da ma'aikata shida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka na zayyana masa komai, har da guntuwar wayar.

Ya yi dariya har da dafa bango. "Ƙanwata, wanda ya iya buɗewa ai shi ya fi kowa sanin yadda ake kullewa. Yaran nan nawa makulli ɗaya sai su wuni a kansa. Ki turo shi ran Litinin ƙarfe takwas. In hannunsa ya yi mini zuwa Alhamis, zan rubuta masa takardar."

Ran Litinin na goge masa farar riga gugar da ko manajanmu bai taɓa samun irinta ba. Ya ɗaura igiyar wuyansa, don Malama ta ce ba a zuwa ranar farko sai da ita, ko da kuwa wurin yankan ƙarfe ne. Inna ta buɗe masa ƙofa tana ta addu'a, ya fita shida da rabi. Na tafi aikina raina wasai.

Sha ɗaya ta ɗan gota shugabarmu ta leƙo ta ce ana nemana a waya. Mai Tagogi ne. Bai ko gaishe ni ba, ya ce in zo in ɗauki kayana.

Na sami Tsinke zaune a ƙasa jingine da bangon shagon, rigar ta yage a kafaɗa, leɓensa ya kumbura, igiyar wuyan kuwa ko gocewa ba ta yi ba. Ma'aikata uku na tsaye a kansa da guntayen bututu. Matar da ke da shagon magani a maƙwabta tana ta ba jama'a labari a karo na ban san nawa ba, yadda ita ce ta fara lura da shi, yadda ita ido ɗaya take yi wa ɓarawo ta gane shi.

Mai Tagogi ya ja ni ofis ya kunna mini hoton kyamarar da ke saman ƙofa. Ga Tsinke ya iso bakwai da rabi. Ƙofar gaba a rufe take, ta ƙarfe mai ruwan toka, saboda ma'aikata ta baya suke shiga inda mota ke sauke kaya. Ya matso har taki ɗaya tsakaninsa da ita, ya haɗa ƙafafu, ya mayar da hannuwa baya, ya zuba wa mariƙin ido. Mai Tagogi ya sa hoton gudu. Mutane na wucewa fuu, inuwar rumfa na janyewa daga kansa, shi yana nan kamar an dasa shi. Wajen tara wani mai saye ya zo ya tura ƙofar ya shige, ta koma ta rufe a gabansa. Ya fito, ta sake rufewa. Tsinke bai motsa ba. Awa uku da rabi.

"Kin gani?" in ji Mai Tagogi. "Mutumin da aka ɗaure kan buɗe kwaɗo, ya zo ya tsaya yana karanta makullina tun safe. Ke me za ki ce? Da yarana suka fita ko gardama bai yi ba, juyawa ya yi ya kifa fuska a bango ya ɗaga hannu. Mai gaskiya haka yake yi?"

Na fita na tsaya a kansa. Raina ya gama ɓaci, da ba don idon mutane ba da na ƙara masa a kan na ma'aikatan. "Kai, ƙofar nan a kulle take?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ka sani ba. Ka taɓa ta?"

"A'a."

"Ka ƙwanƙwasa?"

"Ba a ƙwanƙwasawa."

"In ji wa?"

Ya ɗago ya dube ni, kuma wallahi da gaske mamakin tambayar yake. "Ai tsayawa ake yi, Yaya. In an ga dama a buɗe a kira ka."

Mai Tagogi yana bayana yana ji. Ba mugu ba ne, na ga fuskarsa ta sauya, ya ce wa yaransa su ajiye bututun nan su koma aiki. Na roƙe shi, na haɗa shi da iyayensa, na ce masa Juma'a ce iyakarmu. Ya daɗe yana shafa ƙeya.

"Na yarda ba sata ta kawo shi ba," in ji shi. "Amma ki duba mini. Duk layin nan yanzu sun san ko shi wane ne, albarkacin bakin matar can. Gobe ko allura ta ɓace a nan, shagona za a nuna. Sannan aikinmu a gidajen mutane muke yi. In tura shi ya sa ƙofa, in zo da yamma in tarar da shi tsaye a gabanta? Ki yi haƙuri, ƙanwata."

Muka hau mota muka koma gida. Gidanmu ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, labule ne tsakaninsu, banɗaki kuma na haɗaka ne a ƙarshen baranda. Da muka iso ƙofarmu na ja da baya da gangan na bar shi a gaba. Ya haɗa ƙafa, ya mayar da hannu baya.

Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Wata uku yana gidan nan, kullum Inna ce ke jin takunsa a matakala ta riga shi zuwa ƙofa. In ba ta ji ba, sai maƙwabciya ta leƙo ta ce autanku na waje, mu ce kai, yaron nan ya koyo ladabi. Maƙwabta sun sha ƙorafin cewa layin banɗaki ya yi tsawo da safe. Ashe shi ne ke zuwa ya tsaya gaban banɗakin da ba kowa ciki, mutane su jeru a bayansa suna matse ciki, har sai wani ya gaji ya buga ya ga wayam. An yi ta zagin wani tsoho na hawa na uku a kan laifin da bai san da shi ba. Ni kuwa da ke taƙama ba abin da ke wuce idona, hankalina yana kan jakata, wadda tun ranar da ya dawo nake kwana da ita a ƙarƙashin matashi.

Na ce, "Buɗe." Ya buɗe, ba wata wahala. Na fito da shi na rufe, na yi shiru na naɗe hannu. Ya tsaya. Na ce buɗe, ya buɗe. Muka yi haka ya fi sau goma, Inna na zaune a bakin gado tana kallonmu. Hannunsa lafiya lau, cewar ce dole sai ta fito daga bakin wani.

"Kai da ka buɗe shago goma sha wani abu," na ce masa, "wannan katakon ne ya gagare ka? Me suka yi maka a can?"

Ya zauna a kan tabarma ya kwance igiyar wuyan yana naɗe ta a yatsa. "Doka ce kawai. Ba a taɓa ƙofa, ba a buga ta. Ganduroba ke buɗewa. In ka taɓa, ɗakin horo." Ya warware igiyar daga yatsan. "Sau ɗaya na taɓa. Ranar nan da kika zo aka ce miki ba za ki gan ni ba."

Na tuna ranar sarai. A shekararsa ta biyu ce. Da ƙyar na roƙi hutun kwana guda, na hau mota biyu, na zauna a benci awa biyu, sannan wani mai kaki ya zo ya ce ɗan'uwana ya karya doka yana horo. Na fito ina huci na ce wanda ko a can bai daina halinsa ba, ba zan ƙara kashe ƙafata a kansa ba. Na kuwa cika alkawari, wata goma sha huɗu ban koma ba, kuma na hana a kai Inna.

"An kira sunana a lasifika, an ce yayarka ta zo," in ji shi. "Sai na manta. Na kama mariƙin na murɗa. Ba ma a kulle take ba, ashe. Kwana biyar na yi a ciki." Ya ajiye igiyar a gefe. "Daga nan ban ƙara mantawa ba."

Bai faɗa don ya ɗora mini laifi ba, da ma hakan ya yi da na sami abin mayar masa. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da haushin kaina da ban san inda zan sauke shi ba. Inna ta juya fuska bango. Na tashi na shiga wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Haushin kuwa washegari na ɗauke shi na kai cibiya, tunda su ne suka ba da satifiket. A bakin get wani tsohon mai gadi ya buɗe mini, ya ja ƙafa ya raka ni, tarin makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Ya buɗe ƙofar baranda, ya buɗe ta zaure, ya buɗe ta ofis. Na tambaye shi ko yaran ma haka yake yi musu. Ya ce ai dokar Darakta ce, ɗalibi ba ya taɓa ƙofa a gidan nan, saboda akwai kwamfutoci. Na leƙa na ga kwamfutocin, guda takwas, kowace sanye da rigarta ta leda tun ranar da aka kawo su. Yara kuma in za su shiga aji layi suke yi, hannu a baya, su jira shi. Ya ce shi dai gwiwoyinsa sun gama aiki, wata shida yana neman a sallame shi ya koma gida.

Wato an ɗauko yara daga inda ake buɗe musu ƙofa, an kawo su inda ake buɗe musu ƙofa, an ce an shirya su fita duniya. Na faɗa wa Darakta haka, da abin da ya fi haka. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, yatsu a haɗe. Ya ce wannan ƙalubale ne mai ban sha'awa ƙwarai. Malama Murmushi ta rubuta wani abu a littafinta ta ce za su yi taro a kai.

"Ku yi taronku," na ce. "Jibi da gata zai koma inda ya fito."

A nan ne na ga Darakta ya motsa a kujera. Ba don Tsinke ba, kada ku ɗauka. A bayansa akwai wani allo da aka zana dogayen sanduna shuɗɗa, wanda ke nuna duk yaron da ya taɓa gama cibiyar ya sami aiki, ɗari bisa ɗari. Baƙin nan masu ruwan roba wannan allon suke zuwa gani. Daga baya tsohon mai gadi ya raɗa mini yadda ake cika shi: wani yaron mai ba fulawa ruwa ne a gidan surukin Darakta, wani mai wankin motar Malama, uku kuma masu kula da wani shago da ba a taɓa buɗewa ba.

Darakta ya kalli allon, ya kalli tsohon da ke tsaye a ƙofa yana dafe da gwiwa, sai fuskarsa ta washe. "Baiwar Allah, kin san cibiyar nan ita ma mai ɗaukar aiki ce?"

Ran Laraba aka buga takarda da hatimi. Ran Alhamis jami'i ya karɓa ya sa a fayil, ya tunatar da mu cewa in aka kore shi kafin wata goman su cika, sharaɗi ya karye. Tsoho ya kwance makullai ya ɗaura wa Tsinke a ƙugu, sai da aka ƙara huda bel ɗin. Ƙanina da ba ya iya buɗe wa kansa ƙofa ya zama mai buɗe wa cibiya guda, kuma aikin ya zauna masa daram, tunda an ce masa ya buɗe. Na san abin dariya ne. Ban yi dariyar ba, na karɓa hannu biyu na yi godiya har da rusunawa. Inna ta fara cin abinci, ta fara barci.

Sati uku komai lafiya. Sai ranar da sabon rukuni suka fara, wajen ƙarfe tara, aka sake kirana a waya a ɗakin wanki. Darakta ne da kansa, ya ce tunda ni na sa hannu, in zo yanzu in ga abin da ɗan'uwana ke yi.

Get a buɗe na same shi, an tokare da dutse. A baranda yara goma sha huɗu ne a layi gaban ƙofar aji, kawuna a aske, hannuwa a baya, ba mai ko tari. Tsinke na zaune a kujerar gadi a gefe, makullan na kan cinyarsa. Malama Murmushi ta rasa inda ta ajiye murmushin, sai duba agogo take. Darakta na riƙe da waya.

"Awa guda ke nan," in ji Darakta. "Ya cire makulli, ya koma ya zauna. Na ba shi umarni sau uku."

Na ce to shi ko Malama wani ya murɗa mana, hannu gare su. Ya ce ba haka tsari yake ba, kuma in ya yi haka a gaban sababbin ɗalibai ya zubar da doka tun ranar farko.

Na matsa kusa da Tsinke na rage murya. "Me kake yi haka?"

"Ba a kulle take ba, Yaya," ya ce, bai ɗauke ido daga layin ba. "Na faɗa musu sau ɗaya. Ban ce su buɗe ba, in na ce ya ɓaci. Na ce dai ba a kulle take ba."

Tun da ya dawo ban taɓa ganinsa zaune haka ba, kafaɗa a sake, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na bi idonsa. Yaron da ke gaba wani baƙi ne mai tabo a gira, ba zai wuce sha bakwai ba. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Hannunsa na dama ya saki na hagu, ya zo gefen cinyarsa yana buɗewa yana rufewa.

"Da hannuna na rubuta takardar nan," in ji Darakta, yana ɗaga wayar yadda zan ga lambar jami'in a fuskarta. "Minti ɗaya na ba ku."

Na san abin da Tsinke ke yi, kuma na san shi ne darasi na farko da aka taɓa bayarwa a ginin nan. Na ga hannun yaron ya ɗaga har ya kai tsayin cibiya. Na kuma ga Inna zaune a bakin gado, da wata tara da sati guda da suka rage. Yaron mai tabo ba ɗan Inna ba ne.

"Tashi ka buɗe musu," na ce.

"Yaya, saura kaɗan."

"Na ce ka tashi ka buɗe."

Ya juyo ya dube ni. Bai yi gardama ba, ai an ce masa. Ya sauke ƙafa, ya miƙe, ya mayar da makullan ƙugu, ya je ya murɗa mariƙin ya ja gefe. Yaron mai tabo ya yi sauri ya mayar da hannunsa baya. Suka shige ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa.

Darakta ya sa wayar a aljihu ya ce da ma tun ranar farko ya san ni mace ce mai hankali. Ya ce a cire dutsen nan a rufe get in na fita. Tsinke ya bi bayana har can, ya ture dutsen da ƙafa, ya riƙe mini ƙyauren yana kallon wani wuri saman kaina. Na tsaya ina neman abin da zan ce masa, na fara da cewa ai ya san saboda Inna ne.

"A sauka lafiya, Malama," ya ce, irin yadda yake sallamar kowane baƙo. Ya jira har na fita, sannan ya rufe.